Jawabi Ga Iyaye Da 'Yan Makaranta: Yadda Ake Shirin Jarrabawar Turanci

An shirya wannan jawabi ne domin a karanta wa iyaye maza da mata, da 'yan makarantar sakandare, a garin Faru da sauran garuruwan Maradun da Bakura da Talatar Mafara. Malamin aji yana iya raba shi gida biyu, ya karanta a zama biyu.



Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar gama sakandare ya fito, akan ji magana iri ɗaya a gidaje da yawa. Yaro ya ci Hausa. Ya ci Aikin Gona. Ya ci Lissafi ma. Amma Turanci ya kayar da shi. Uba ya sayar da buhun shinkafa, uwa ta sayar da tunkiya, an yi wa yaro hidima shekara shida, ga shi yanzu zaune a gida yana jiran wata shekarar. Idan yarinya ce kuwa, sau da yawa ba ta samun dama ta biyu.

Dalilin wannan zama shi ne, jami'a ba ta ɗaukar ɗalibi sai yana da kiredit biyar, kuma dole Turanci ya kasance cikinsu. Haka abin yake a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Haka yake a Jami'ar Tarayya ta Gusau wadda aka kafa a 2013. Mai son shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke nan Talatar Mafara, shi ma sai ya zauna jarrabawar JAMB, kuma a cikinta Turanci wajibi ne ga kowa. Mai neman aikin ɗan sanda ko na kwastan ma yakan tarar da tambayoyin Turanci suna jiransa. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa dubbai.

Matsalar ba ta wannan yanki kaɗai ba ce. A shekarar 2025, hukumar WAEC ta ce kusan kashi 63 cikin 100 na waɗanda suka zauna jarrabawarta a Nijeriya ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Wato cikin kowane yara uku, fiye da ɗaya bai haye ba. Sai dai nauyin da ke kan yaran wannan yanki ya fi na wasu. A watan Fabrairu na 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A watan Satumba na shekarar aka sace ɗalibai 73 a makarantar Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, har gwamnati ta rufe makarantun jiha. Yaran da suka yi watanni a gida a wancan lokaci sun yi asarar karatu mai yawa, kuma takardar jarrabawa ba ta tambayar kowa uzurinsa. Takarda ɗaya ake ba ɗan Faru da ɗan Legas.

To, me uba ko uwa za su yi, alhali su kansu ba su jin Turanci? Da yawa sukan ce wannan aikin malamai ne. Gaskiya ne malami ne jagora. Amma kusan rabin aikin a gida ake yinsa, kuma duk wanda ya iya karanta wannan jarida ya isa ya sa hannu.

ABIN DA KE CIKIN TAKARDAR

Kafin mutum ya shiga kokawa, yakan so ya san ƙarfin abokin karawarsa. Jarrabawar Turanci ta WAEC kashi uku ce. Akwai tambayoyin canki-canka a kan kalmomi da ginin jimla. Akwai tambayoyi a kan yadda ake furta kalmomi. Sannan akwai babbar takarda mai maki 100. A cikinta rubutun insha'i yana da maki 50, auna fahimta 20, taƙaita labari 30.

Insha'in nan ana son ya kai kalma 450. Mai duba takarda yakan raba makinsa gida huɗu. Maki 10 na abin da yaro ya faɗa. Maki 10 na tsarin da ya bi. Maki 20 na yadda ya sarrafa kalmomi da jimloli. Maki 10 na ƙarshe na tsabtar rubutu ne, wato rubuta kalma daidai, da sa aya da waƙafi da babban baƙi a inda ya dace. Kowane kuskure yana cin rabin maki. Kuskure ashirin ya cinye goman nan duka.

A JAMB kuwa, wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, tambayoyi 180 ne cikin awa biyu. Guda 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kowanne 40. Su ma waɗancan darussa da Turanci ake tambayarsu. Yaro yana iya sanin noma fiye da wanda ya rubuta tambayar, amma kalma ɗaya ta hana shi gane abin da ake nema.

Idan an duba da kyau, abu biyu ne ke ɗauke da yawancin makin nan: yawan kalmomin da yaro ya sani, da iya jera magana ta bi juna.

TARA KALMOMI

Kalmomin Turanci suna da yawa ƙwarai, amma ba duka ake bukata ba. A shekarar 1953 wani malami Baturen Ingila mai suna Michael West ya fitar da jerin kalmomi kimanin 2,000 waɗanda aka fi amfani da su. Waɗannan kaɗai sukan kai kusan kashi 80 cikin 100 na kalmomin da ke shafin littafi. Daga baya, a 2006, wani masani ɗan ƙasar Niyu Zilan, Paul Nation, ya lissafa cewa mai son karanta jarida ko littafin labari ba tare da taimako ba yana bukatar tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000. A wannan matsayi, cikin kowace kalma hamsin ɗaya ce kawai za ta zama baƙuwa gare shi.

Kada wannan lissafi ya tsorata kowa. Yaron da ke koyon kalma biyar a rana, kwana shida a mako, ya sami 30 a mako. A shekara ya sami fiye da 1,500. A shekara ukun babbar sakandare ya haura 4,000, ko da an cire ranakun Sallah da na girbi. Wanda ya bari sai saura wata biyu jarrabawa kuwa, ko ya kwana yana hadda ba zai cim ma wannan ba.

Kuma ɗan Bahaushe ba da hannu wofi yake farawa ba. Akwai kalmomin Turanci masu yawa da suka daɗe da zama 'yan gida. Tebur, bokiti, fensir, asibiti, direba, famfo, tikiti, kotu, banki, kanal, duk daga Turanci aka aro su. Aikin yaro shi ne ya nemo asalin kowace, ya ga yadda ake rubuta ta. Kaka tana iya zama da jikanta su yi ta lissafa irin waɗannan kalmomi da dare, shi kuma ya nemo su a ƙamus da safe.

Hanya ta biyu ita ce sanin dangin kalma. A Hausa, daga noma ake samun manomi da manoma. Daga karatu ake samun makaranta da makaranci. Turanci ma haka yake yi. Daga "farm" ake samun "farmer" da "farming". Daga "irrigate", wato yin ban-ruwa, ake samun "irrigation". Idan an liƙa "un" a goshin kalma, sai ma'anarta ta juye: "happy" ya koma "unhappy". Idan an liƙa "less" a ƙeyarta, sai ta nuna rashi: "jobless" shi ne marar aiki. Wanda ya kama uwa, 'ya'yan sukan biyo shi.

Akwai wani rami da yaran Hausawa suka fi faɗawa, ya kamata a tsaya a kansa. Bahaushe yana shan ruwa, yana shan magani, yana shan taba, yana shan wahala. Kalma ɗaya ce ta ɗauki duka. A Turanci kuwa kowanne da tasa. Ruwa "drink" ake yi masa. Ƙwayar magani "take". Taba "smoke". Wahala "suffer". Haka kalmar ji. Bahaushe yana jin magana, yana jin wari, yana jin sanyi, yana jin Larabci. Bature zai ce "hear", da "smell", da "feel", da "understand". Sai kuma aro. Bahaushe yana bambanta aro da rance, domin aro abin da aka karɓa shi ake mayarwa, rance kuwa madadinsa. Bature bai damu da wannan ba. Shi abin da yake dubawa shi ne wa ya bayar, wa ya karɓa. Mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Masu shirya tambayoyin canki-canka sun san waɗannan ramuka sarai, kuma a bakinsu suke kafa tarko.

Saboda haka ba a koyon kalma ita kaɗai. Yaro ya sami littafin rubutu guda, ya keɓe shi don kalmomi. Duk kalmar da ya rubuta, ya rubuta jimlar da ya tsince ta a ciki, da ma'anarta da Hausa, sannan ya gina tasa jimlar a kan abin da ya sani: gonarsu, kasuwar Talata, ko rijiyar unguwarsu.

Rubutawa kuma ba ta isa ba sai da bita. Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mafi yawan mantuwa tana aukuwa ne a ranar farko bayan an koyi abu. Wannan ba baƙon labari ba ne ga wanda ya yi makarantar allo. Kowa ya san abin da ke samun hadda idan babu tilawa. Kalmomin yau a duba su gobe, a sake dubawa bayan kwana uku, sannan bayan mako, sannan bayan wata. A nan ne uba ko uwa za su shigo. Su riƙe littafin, su karanta ma'anar da Hausa, yaro ya faɗi kalmar Turancin, ya rubuta ta a ƙasa da tsinke ko a allo.

Ina za a samo kalmomin? Ga su nan ko'ina. Akwai rubutu a jikin buhun taki, da kwalbar maganin feshi, da takardar da ke cikin kwalin magani, da tsohuwar jaridar da aka ƙunshe tsire da ita. Akwai rediyo. Yaro ya fara sauraron labarai da Hausa, sannan ya saurari na Turanci a ranar. Tunda ya riga ya san abin da ya faru, kunnensa zai kama kalmomin da sauri. Akwai littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Mervyn Hiskett ya fassara zuwa Turanci a 1967. Wanda ya sami biyun ya ajiye su gefe da gefe. JAMB ma takan zaɓi littafin labari guda ta yi tambayoyi a kansa. Daga 2021 zuwa 2024 littafin Khadija Abubakar Jalli ne, The Life Changer. A 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Mai shirin zama ya tambayi malaminsa littafin shekararsa, ya karanta shi da kansa, kada ya tsaya ga taƙaitawar da ake sayarwa a tasha.

Ƙamus kuwa, ɗaya ya isa yaran gida uku ko huɗu. Akwai Kamus na Turanci da Hausa na Neil Skinner, da na Roxana Ma Newman na 1990. Idan yaro ya ɗan yi nisa, sai ya koma ƙamus na Turanci zalla irin na Oxford da ake yi domin masu koyo.

SAKIN LAYI KAMAR DAMI NE

Wanda ya tara kalmomi bai iya jera su ba, kamar manomin da ya yanke gero ne ya bar shi warwatse a gona. Sai an ɗaure shi dami-dami kafin a kai rumbu. Sakin layi shi ne damin rubutu. Ba a haɗa gero da dawa a dami ɗaya. Haka ba a haɗa magana biyu a sakin layi ɗaya.

Ga misalin abin da yara kan rubuta idan an ce su yi bayani a kan noman rani:

Manoman Bakolori suna noman rani. Kawuna yana da babur. Shinkafa tana son ruwa. Ran Talata ake cin kasuwar Mafara. Kanal yakan cushe.

Kowace jimla gaskiya ce, amma babu wadda ta riƙe hannun 'yar'uwarta. Babur da kasuwa ba nasu ba ne nan. Ga yadda ya kamata:

Noman rani a Bakolori ya dogara ne ga kanal. Shinkafa tana son ruwa kullum. Saboda haka, idan kanal ya cushe, gonakin da ke can ƙarshe ne ke fara bushewa. Amma manoman da suka haɗa kai suka yashe shi sukan sami amfani mai kyau.

Jimlar farko ta faɗi maganar da za a yi. Ita ce uwar sakin layin. Sauran suna kawo dalili, ko misali, ko abin da ya biyo baya. Kalmomin nan ƙanana, saboda haka, amma, domin, sannan, duk da haka, su ne igiyar da ta ɗaure damin. A Turanci su ne "therefore", "but", "because", "then", "however". Ga shi da Turanci, yaro ya karanta wa iyayensa:

"Dry season farming at Bakolori depends on the canal. Rice needs water every day. Therefore, when the canal is blocked, the farms at the far end dry up first. However, farmers who clear it together get a good harvest."

Babu kalma mai wuya ko ɗaya a ciki. Wasu yara suna zaton manyan kalmomi ne ke kawo maki, har su haddace insha'in wani su zube shi ko tambayar ba ta nema ba. Mai duba takarda ya ga irin wannan sau ɗari, ba ya ruɗarsa. Gajeriyar jimla mai tsabta ta fi doguwa mai kuskure uku.

A kula da wakilin suna. A nan Hausa ta yi wa yaro rabin alheri. Tana da shi da ita, kamar yadda Turanci ke da "he" da "she", abin da Yarabanci da Ibo ba su da shi. Amma Bahaushe yakan ce mota ita, littafi shi. A Turanci duk abin da ba mutum ba "it" ne. Kuma duk inda yaro ya rubuta "he" ko "they", ya tabbata mai karatu ya san wa ake nufi. Idan an ambaci uba da kawu da maƙwabci, sannan aka ce "he", wanne ne cikinsu?

Insha'i mai kalma 450 sakin layi biyar ne ko shida. Kafin yaro ya fara, ya ɗauki minti biyar ya jera kanun maganarsa a gefen takarda, kowane kai da sakin layinsa. Wannan ƙwarewa ita ce kuma ke cin tambayar taƙaita labari. Wanda ya saba gina sakin layi a kan jimla uwa, yakan gane uwar a rubutun wani da sauri. Sai ya faɗe ta da kalmominsa, cikin cikakkiyar jimla, domin kwafo maganar littafi kai tsaye yana jawo asarar maki.

AIKIN IYAYE

Jera tunani ba Turanci ba ne. Da harshen uwa ake fara koyonsa. An gwada wannan a ƙasar Yarabawa. Daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa na Jami'ar Ife ya jagoranci wani shiri inda aka koyar da wasu yaran firamare duk darussa da Yarabanci har shekara shida, Turanci kuwa aka ba shi ƙwararren malami a matsayin darasi guda. Da aka auna, waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba, a wasu darussan ma sun fi su. Manufar gwamnati kan harshen koyarwa takan canza. A 2022 an amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke wannan. Amma a tsakar gida babu mai hana uwa koya wa ɗanta magana mai kan gado.

Dattijon da ke raba gardamar iyakar gona a ƙofar mai unguwa ya san sakin layi, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Yakan fara da asalin magana, ya kawo shaida, ya ambaci abin da ɗaya ɓangaren ya ce, sannan ya yanke. Tsohuwar da ke gatana ba ta fara tatsuniya daga ƙarshe. Wannan tsari shi ne maki goman nan da ake bayarwa.

Saboda haka idan an aiki yaro kasuwa ya dawo, a sa shi ya ba da labari daga farko. Idan ya yi tsalle, a dawo da shi. A tambaye shi: sai me ya faru? Don me? Wa ya faɗi haka? Idan ya gama da Hausa, ya zauna ya rubuta da Turanci. A kuma rage wa 'ya mace aikin yamma ko da na rabin awa ne. Ba ta iya riƙe littafi da taɓarya a lokaci guda.

Ga wani aiki na wata-wata. Uwa ko uba su faɗi wasiƙa da Hausa, zuwa ga ɗan'uwa a Gusau, ko zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma a kan famfon da ya lalace. Yaro ya rubuta da Turanci, domin wasiƙa tana cikin abubuwan da ake tambaya a insha'i. Ya kai wa malaminsa ya zagaye kurakuran da jan biro. Iyaye ba sai sun ji Turanci ba kafin su ƙirga jan zagaye. A rubuta adadin a saman takardar tare da kwanan wata, a ajiye ta cikin akwati ko adaka. Wata mai zuwa a rubuta wata, a fito da ta farko, a ƙirga, a gwada.